Tagar Bonet: Ado Ce Ko Maganin Zafin Inji?

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar damina, wanda ya bi titin Zariya da rana tsaka, daga gadar Dangi ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, da wuya ya kai ƙarshe bai ga mota a gefen titi an ɗage mata bonet ba. Mai ita na tsaye da jarka ko ledar fiya wata a hannu, yana jiran tururi ya lafa. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma iskar da ke kwance a kan kwaltar nan ita lagireto ke shaƙa.

Wannan tsohon labari ne. Sabon shi ne abin da wasu matasa masu motocin gudu suka fara yi a kai. Motocin Amurka masu silinda takwas, irin su Dodge Charger da Challenger da Ford Mustang, da Marsandi da BMW masu turbo, sun shigo gari. Galibinsu na hannu ne, wasu ma a gwanjon motocin da suka yi hatsari aka sayo su a can, aka zo nan aka miƙe su. Mai irin wannan mota zai ga bidiyo a TikTok ko YouTube, an huda bonet an saka wata baƙar taga mai haƙarƙari, sai ya yi odar irinta daga Sin ko Dubai, ya kai wa mai gyaran jikin mota a ɗaya daga garejojin da ke lungunan Tarauni ko bayan Court Road. Buƙatarsa biyu ce: mota ta yi kwarjini, inji kuma ya sha iska. Ta farko tana biya nan take. A kan ta biyu ne ake da magana.

Sai an fara ware tagar gaske da ta bogi. Akwai ta roba wadda ake mannawa da gam a kan bonet ba tare da an huda komai ba. Ita wannan ba ta cutar da kowa, ba ta kuma amfanar kowa, rana ce kawai za ta ƙoƙe mata launi ta ɗaga mata gefe bayan bazara ɗaya ko biyu. Wadda ake nufi a nan ita ce wadda sai an yanke ƙarfe, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa.

Zafin da ake son kora

Injin fetur ɓarnatacce ne ta fuskar zafi. A ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya ƙone ne kaɗai ke juya taya. Kashi ɗaya na fita ta salansa, ragowar kuma ruwan inji ne ke ɗauke shi ya kai lagireto, iska ta kwashe. Ma'ana, gwargwadon ƙarfin inji gwargwadon zafin da dole a zubar. Motar da ke da ƙarfin doki 400 idan aka take ta, zafin da take turawa lagireto ya ninka na ƙaramar Corolla sau da yawa. Idan akwai turbo lamarin ya ƙaru, don jikinsa kan haura digiri 800 in an matsa masa, kuma yana zaune ne a cikin ɗan ƙuƙumin wuri tare da wayoyi da tiyo da robobi.

Iska na shiga ta gaba, ta ratsa kondensar esi, ta ratsa lagireto, ta faɗa ɗakin inji. Daga nan sai ta nemi hanyar fita, kuma a yawancin motoci hanyar ta ƙasa ce da ta bayan tayoyin gaba. Ɗaki ne mai ƙofa: in babu taga a ɗaya ɓangaren, ko an wangale ƙofar iska ba ta ratsawa. Idan iskar da ta shiga ta rasa mafita, sai ta taru a bayan lagireto ta tokare wadda ke son shigowa. Aikin tagar bonet ke nan, ta rage wannan tokarewar. Ba iska take shigarwa ba, fitar da ita take yi, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hancin da ke tsaye a kan bonet ɗin Subaru Impreza WRX ɗibar iska yake yi yana kai wa na'urar sanyaya iskar turbo da ke kwance a saman injin. Ramin da ke kan bonet ɗin kishiyarta, Mitsubishi Lancer Evolution, amayar da iska yake yi. Daga nesa sun yi kama, aikinsu kuwa hannun riga ne.

To amma ƙarfin da iska ke danna mota da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Tsakanin mai rarrafe a kilomita 20 cikin awa da mai sheƙa 120, bambancin ninki 36 ne. Saboda haka tagar da ke zuƙe zafi sosai a hanyar Kwanar Dangora, a cunkoson gaban asibitin Malam Aminu Kano da ƙarfe biyun rana kusan zaune take. Za ta bar ɗan hucin da ke tashi sama ya fice, fanka ma za ta ɗan samu sauƙin turawa, wannan gaskiya ne. Sai dai motar da allurarta ke hawa a cunkoso, ba taga ta rasa ba.

Abin da ta rasa sananne ne a kowane gareji. Lagireto ya toshe daga ciki saboda shekaru ana ɗura masa ruwan burtsatse ko na leda, gishirin ruwan ya daskare a 'yan bututunsa, tsatsa ta bi. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji sun liƙe tsakaninsa da kondensa. Murfinsa ya saki. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa: ruwa zalla a buɗe, a tudun Kano, yana tafasa tun bai cika digiri 100 ba, amma ruwan inji na gaskiya a ƙarƙashin murfi mai lafiya yana wuce 120 bai tafasa ba. Fanka ɗaya ta mutu ba a lura ba. Robar da ke kewaye da fankar ta karye an jefar. Shi kuwa faffaɗan murfin roba na ƙarƙashin inji, ko tudun rage gudu ya yage shi, ko yaran gareji sun kwance ranar juyen baƙin mai sun jingine a bango, ba wanda ya sake tambaya. Wannan murfin ba don ado aka sa shi ba. A mota da yawa shi ke hana iskar ƙasa tunkuɗowa cikin ɗakin inji ta tare wa lagireto numfashi.

Sai kuma babbar al'adarmu, cire tamostat. Mota na sauka daga Legas ko Kwatano, abin da mai ita zai fara ji shi ne: "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a cire shi a haɗa fanka dairek." Tamostat ƙaramin bawul ne da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon mota. In ya buɗe ya gama nasa, ba ya hana sanyi. Cire shi na sa inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da asubar hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu ɗumi ake nema. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Ni dai a ganina, wanda bai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba ya tafi yankan bonet, kuɗinsa ya yi masa yawa ne.

Ina za a yanka?

A ce an bi duk wannan, mota lafiyarta ƙalau, mai ita kuma yana da dalili. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wurin yanka, kuma ita ce aka fi amsawa da ido. Mai mota da maigidan gareji za su ja da baya, su karkata kai, su ce nan ya fi kyau. Iska kuwa ba ruwanta da kyau.

Idan mota na gudu, iska na dukan hancinta da ƙarfi, sannan ta lanƙwasa ta haye bakin bonet da sauri. A daidai wannan lanƙwasar da ɗan abin da ke bayanta, matsin iska na faɗuwa, wurin ya zama mai zuƙa. Tana matsawa baya tana rage sauri, har ta je ta ci karo da gilashin gaba, ta taru a gindinsa. Nan matsin ya sake hawa. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa mashigar iskar esi a gindin gilashi, ƙarƙashin waifa. Shi ya sa kuma a 1969 kamfanin Chevrolet ya fitar da Camaro mai bonet da bakinsa ke kallon baya, yana ɗibar iska daga gindin gilashi yana kai wa kafireta.

Ke nan tagar da aka huda can baya kusa da gilashi, wadda ita ce ta fi ɗaukar ido, tana iya yin akasin abin da aka saye ta dominsa: mota na gudu tana cusa iska ciki, tana ƙara tokare lagireto. Haka dabarar nan ta sa washa a ƙarƙashin hinjin bonet don bayansa ya ɗan ɗaga. A tsaye tana fitar da huci, a guje tana mayar da hannun agogo baya. Ga kuma wata illar: hucin inji da warin mai da ke fita ta nan, kai tsaye mashigar esi suke faɗawa, na cikin mota su shaƙa. Wurin da ya dace shi ne gaba, daf da bayan lagireto, inda iskar da ta ratso za ta samu hanya ta miƙe sama. Masu kyau daga cikin tagogin nan suna zuwa da ɗan leɓe a tsaye a bakinsu na gaba, wanda ke tuntsurar da iskar waje ta bar gurbi mai zuƙa a bayansa. Dangin dabarar nan ce da ɗan tseren Amurka Dan Gurney ya fara liƙawa a fiffiken motar tsere a 1971.

Kowace mota da siffarta, saboda haka ba a aron ma'aunin wata. Abin daɗin shi ne gwajin ba ya cin kuɗi. A samu zaren ulu irin na saƙa, a yayyanka shi tsawon yatsa, a manna kan kowane guntu da salatif a jere a kan bonet, layi-layi. Wani ya tuƙa a miƙaƙƙen titi a gudun da doka ta yarda, wanda ga ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye kilomita 100 ne, wani kuma a gefensa ya ɗauki bidiyo da waya. Inda zare ya kwanta ya miƙe sumul, iska na gudu. Inda ya fara rawa yana waiwaye, ta fara taruwa. Wanda ke son tabbaci sai ya ƙara da siririn tiyo mai haske da ya lanƙwasa aka zuba masa ruwa, baki ɗaya a saman bonet, ɗaya a ƙarƙashinsa: ɓangaren da ruwan ya karkata zai nuna ko wurin zuƙa yake ko turawa. Injiniyoyin jiragen sama sun daɗe suna aiki da zare da bututun ruwa. Abin mamaki ne mutum ya biya dubban nairori kuɗin jirgi a kawo masa taga, ya kasa sayen ƙullin zare a kasuwar Tarauni.

Ranar yanka

Masu gyaran jikin mota na Kano ba su da matsalar hannu. Wanda ya taɓa ganin yadda suke karɓar motar da ta murƙushe su fitar da ita kamar ba ita ba, ya san haka. Abin da aikin nan ke nema ƙari a kan gwaninta shi ne haƙuri da awo.

Bonet ba falle ɗaya ba ne. Akwai fatar waje, akwai ƙashin ciki da aka manna mata, mai ramuka da jijiyoyi. Kafin komai sai an kwance shi, an cire bargon da ke cikinsa, an kifa shi a kan tsohuwar katifa ko tayoyi an duba ina jijiyoyin suka bi. Ba ƙarfi kaɗai suke bayarwa ba. An yi musu wuraren lanƙwasa da gangan, don in an yi karo bonet ya naɗe a tsakiya maimakon ya tafi a miƙe ya shiga gilashi. Wanda ya datse babbar jijiya don taga ta zauna, ya taɓa abin da ba zai gane ba sai ranar da ba a fata. Kuma bonet ɗin da ya rasa ƙashi yana kaɗawa a guje, kaɗawar nan kuwa makullinsa take ci.

Sai a ɗora mayen ƙarfe. In ya kama, ƙarfe ne. In ya zame, alminiyam ne, kamar na Mustang tun daga samfurin 2005 da na manyan motocin Jamus da dama. Alminiyam ba ya son zafi, ba ya karɓar walda irin ta bakin titi, kuma in aka ɗaure shi da ƙusar ƙarfe tsirara, damina na zuwa wurin zai fara kumbura yana fitar da farin gari a ƙarƙashin fenti.

Daga nan a lulluɓe saman da salatif mai faɗi, a nemo tsakiyar bonet da igiya, daga tambarin gaba zuwa tsakiyar gilashi, a ɗora kwalin da aka zana siffar tagar a kai. A auna daga gefen dama, a auna daga hagu, a sake. Ido na yafe abubuwa da yawa a jikin mota, amma ba ya yafe tagogi biyu da ɗaya ta ɗara ɗaya. A huda kusurwa huɗu da injin huda, don kusurwa ta zama mai lanƙwasa, saboda kusurwa mai kaifi nan tsagewa ke farawa. Sannan a haɗe hujin da siririn zarto na lantarki, a hankali, a ɗan cikin layi. Yaron gareji zai miƙo injin yanka mai faifai don shi ya saba, ya kuma fi sauri. In an bar shi, zafin faifan zai ƙone fenti a bakin yankan ya kuma lanƙwasa fatar, tartsatsin kuma ya sauka a gilashi da rufin motar ya nutse. Bayan sati biyu sai a ga ɗige-ɗigen tsatsa a farar mota, a rasa daga ina.

Ragowar aikin magagari ne da samfefa, har bakin ya daina yankan yatsa. Sai a shafe ƙarfen da ya fito tsirara da fentin hana tsatsa, a bar shi ya bushe da gaske. A nan ake yawan yin ha'inci, ba don mugunta ba, don mai mota na tsaye a kai yana duba agogo, yana son ya fita da ita yawon yamma. Taga za ta rufe bakin, ba mai gani, sai shekara ta zagayo. A ƙarshe a zaunar da ita da ribit ko ƙananan noti, a sa raga a ƙasa.

Ruwa, ƙura da ganyen darbejiya

Rami a saman inji rami ne, kuma abin da ke sama zai faɗo. Ruwan Agusta a Kano ba yayyafi ba ne. Kafin a yanka, ya kamata a tsaya a leƙa me ke ƙarƙashin wurin: in altaneta ce, ko akwatin fis, ko kwail da ramukan fulogi, ko buɗaɗɗiyar matatar iska irin wadda matasa ke sakawa don ƙara, to an buɗe wa rewaya kasuwa. Inji na jure ruwan da ke fantsamo masa daga ƙasa, an gina shi da sanin haka. Ruwan da ke zuba daga sama ya kwana a ramin fulogi daban ne. Kamfanin Ford da kansa, da ya fitar da Shelby GT500 ta 2020 da ƙatuwar taga a bonet, sai da ya sa mata faranti a ƙasa mai tare ruwa, wanda ake kwancewa ranar da za a shiga filin tsere a mayar in an fito. Masu sayen taga a intanet da yawa ba sa tambayar farantin, wasu kuma yana zuwa su bar shi a kwali.

Mu nan muna da ƙarin abin da Ford ba ta lissafa ba. Wata uku zuwa huɗu na hunturu ƙura na sauka a kan duk abin da ke tsaye, ta haɗu da ɗan man da ke tsatsafowa ta zama kitse a jikin inji. Kowa na neman inuwar darbejiya ya ajiye mota, ita kuma tana zubar da ganye da 'ya'ya, busasshen ganye a kan bututun hayaƙi mai zafi kuwa ba abin wasa ba ne. Ga masu wankin mota da injin feshi, waɗanda in sun ga rami sai sun cusa masa bakin tiyo don su burge mai ita. Duk wanda ya huda bonet ya ɗaukar wa kansa aikin faɗa da bakinsa a kowane wurin wanki: "Don Allah malam, ban da nan."

Su wa take yi wa aiki?

Akwai waɗanda tagar nan ta zame musu dole. Motar tsere da ke shafe minti talatin ana take ta har ƙasa. Da kuma masu wasan zamiya, wanda ya samo asali a Japan, Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi, ya zama gasa mai dokoki a can da Amurka. A wannan wasan inji na kururuwa a ƙololuwa, motar kuwa a karkace take tafiya, iska ba ta dukan hancinta kai tsaye. Zafin kan yi yawa har ƙwararru da dama su ɗauke lagireto ɗungurungum su mayar da shi but.

Masu wasan mota na Kano irin wannan wahalar suke ba injinansu, saboda haka su ne kaɗai a garin nan za su ce suna da hujjar injiniya. Matsalarsu ba ta inji ba ce. Inda ake wannan wasa a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi akwai shinge, akwai hular kwano, akwai motar asibiti a tsaye. A nan titin unguwa ne ranar ɗaurin aure, yara sun yi da'ira, tazarar da ke tsakaninsu da bamba ba ta fi taku uku ba. 'Yan sanda sun sha hanawa, an sha komawa. Da masu kuɗin da ke sayen motocin nan za su haɗa kai su nemi fili a wajen gari su kewaye, da maganar taga da turbo ta zama maganar wasanni. Yanzu dai maganar maƙwabta ce.

Ga sauran jama'a, mai Charger da ke zuwa ofis da ita ya dawo, ya je Kaduna sau ɗaya a wata, ribar ba ta kai yadda bidiyo ke nunawa ba. Kamfanonin da suka ƙera motocin nan suna gwada su a hamada kafin su sayar, kuma waɗanda ke buƙatar taga, irin su Challenger Hellcat, da abarsu suka fito daga masana'anta. In don ado ne, ba laifi, kowa da abin da ke faranta masa, sai dai a kira shi ado.

Akwai kuma ranar sayarwa. Dillalan mota na Kano bonet suke fara ɗagawa, suna shafa gefensa suna neman inda aka taɓa. Hudajjen bonet a wurinsu shaida ce cewa an yi wasa da motar, ko an yi ko ba a yi ba, kuma da wannan za su karya farashi. Sabon bonet na irin waɗannan motoci ba a samunsa a ko'ina, sau da yawa sai an yi oda an jira jirgin ruwa. Shi ya sa masu wayo ba sa taɓa na asali. Sukan je Kofar Ruwa ko su aika Legas a nemo musu na hannu, ko da mai ɗan lotsawa ne, a miƙe shi a yi masa fenti, a yanka wannan. Na asalin a naɗe shi da bargo a jingine a sito, gefensa a kan katako don kada ya sha danshin ƙasa.